Yadda ake gano asalin dangi a Slofakiya: daga sunan ƙauye zuwa kundin coci

Slofakiya ba ta da wani babban kundi guda da za ka rubuta sunan kakanka ya fito maka da zuriyarsa. Ƙauye-ƙauye aka rubuta mutane, coci-coci, kuma a haka littattafan suke ajiye har yau. Don haka sunan iyali kaɗai ba ya kai mai bincike ko'ina. Masu amsa sunan Horváth, Kováč, Varga ko Tóth dubbai ne a faɗin ƙasar, yawancinsu kuma ko sanin juna ba su yi ba. Abu biyu kake nema kafin komai: sunan ƙauyen da aka haifi kakan, da ɗariƙar addinin da yake bi. In ka riƙe waɗannan biyu, sau da yawa za ka iya bin zuriyar har ƙarni na 18 kana zaune gaban kwamfutarka, ba tare da ka biya ko kwabo ba. In babu su, za ka shekara kana tara sunayen mutanen da ba naka ba.

Masu wannan nema galibi jikokin waɗanda suka yi ƙaura ne zuwa Amurka, Kanada da Ajantina. Akwai kuma 'ya'ya da jikokin ɗaliban Afirka da suka je karatu Cekoslofakiya daga shekarun 1960, wasunsu suka auro matan can. Hanyar duk ɗaya ce, sai dai na biyun sun fi samun sauƙi don takardunsu ba su tsufa ba.

Tarihin da ba makawa sai ka san shi

Kafin 1918 babu ƙasa mai suna Slofakiya a taswira. Yankin yana cikin Masarautar Hungariya, wadda ita ma take ƙarƙashin gidan sarautar Habsburg na Ostiriya. An kafa Cekoslofakiya a 28 ga Oktoba 1918, Slofakiya kuma ta tsaya da ƙafarta a 1 ga Janairu 1993. Shi ya sa za ka ga takarda ɗaya ta ce an haifi kakanka a Ostiriya, wata ta ce Hungariya, ta uku ta ce Cekoslofakiya, alhali duk gaskiya suka faɗa: ƙauyen bai motsa ba, iyakoki ne suka yi ta sauyawa a kansa. Ka kuma riƙe wannan: daga Nuwamban 1938 zuwa 1945 kudancin ƙasar, har da birnin Košice, ya koma hannun Hungariya. Wannan zai taso maka idan ka zo kan ƙidayar jama'a.

Mataki na farko: tone gidanku

Kada ka buɗe shafin intanet ko ɗaya tukuna. Zauna da tsofaffin gida, ka ɗauki muryarsu a waya, ka bar su su faɗi sunan garin yadda suka ji shi a bakin iyayensu, ko da a karkace ne. Rubuta shi yadda ka ji. Tambaye su wane coci ake zuwa, wace rana ake bikin Kirsimeti (masu yi a 7 ga Janairu alama ce ta ɗariƙar gabas), da wane yare tsofaffi suke magana in ba sa son yara su ji. Sannan ka bi akwatuna: littafin addu'a da aka rubuta sunaye a bangonsa, tsohon fasfo, takardar baftisma da aka zo da ita don ɗaurin aure, ambulan wasiƙa. Hatimin gidan waya da ke kan ambulan yana nuna gari mafi kusa mai gidan waya, ba lallai ƙauyen kansa ba, amma ya riga ya taƙaita maka nema zuwa 'yan kilomitoci. Juya bayan hotuna, masu ɗaukar hoto na wancan zamani suna buga sunan garinsu.

Hattara da babban gari. Mutumin ƙauye in ya yi nisa da gida yakan ambaci birnin da aka sani ne. Idan an ce maka «Košice» ko «Prešov», ka ɗauka yankin ake nufi har sai takarda ta tabbatar.

Mataki na biyu: takardun ƙasar da ya sauka

Tsakanin shekarun 1870 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin mutum rabin miliyan suka bar wannan yanki zuwa Amurka, yawancinsu daga gundumomin gabas: Šariš, Zemplín, Spiš da Abov. Mahaƙan kwal da masana'antun ƙarfe na jihar Pennsylvania da birnin Cleveland ne suka fi ɗibarsu. Sunan ƙauyen da kake nema yana ɓoye cikin takardun can, kuma ba duka ne darajarsu ɗaya ba.

Jerin fasinjojin jirgin ruwa shi ne na gaba. An buɗe tashar karɓar baƙi ta Ellis Island, a New York, a 1892, amma takardun farko ba su faɗi abin kirki ba. Daga 1906 aka ƙara gurbin wurin haihuwa, daga 1907 kuma aka ƙara suna da adireshin ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida. Daga wannan lokaci takardar ta zama shafi biyu, kuma wurin haihuwa yana can ƙarshen shafi na biyu ta dama. Mutane da yawa suna duba shafin farko su rufe, su bar abin da suka zo nema a baya. Idan kakanka ya iso kafin 1906, kada ka karaya: da yawansu sun yi ta kai da kawowa, su yi aiki shekara biyu ko uku su koma gida su sake dawowa. Nemi zuwansa na baya, ko na ƙaninsa, ko na matarsa da ta biyo shi. Shafin stevemorse.org yana ba da damar neman suna da yadda yake a kunne, da kuma neman duk waɗanda suka fito daga gari ɗaya.

Labarin da ake yawan ji cewa a Ellis Island aka sauya wa kaka suna ba shi da tushe. A tashar da jirgi ya tashi ake cike jerin, ma'aikatan Ellis Island suna duba abin da aka riga aka rubuta ne kawai. Sauyin suna yakan zo daga baya, a wurin aiki ko makaranta. Saboda haka ka nemi sunan da rubutun Hungariya ko na Slofakiya, ba yadda jikoki suke rubuta shi yau ba. Jerin masu tashi daga tashar Hamburg ta Jamus na 1850 zuwa 1934 ya tsira, kuma yana faɗin garin da mutum ya fito. Na Bremen kuwa, inda mafi yawa suka bi, an lalata kusan dukansa in ban da na 1920 zuwa 1939.

Takardun neman zama ɗan ƙasar Amurka da aka cike daga ƙarshen Satumban 1906 suna ɗauke da wurin haihuwa, ranar isowa da sunan jirgi. Sai kundin cocin da baƙin suka gina wa kansu: limamin da ya fito daga ƙasarsu yakan rubuta ƙauyen ango da na amarya da rubutu daidai, abin da magatakardan hukuma bai iya ba. Haka nan ƙungiyoyin taimakon juna, irin su Jednota da Fada Štefan Furdek ya kafa a Cleveland a 1890, da Národný slovenský spolok da aka kafa a Pittsburgh a shekarar, suna da takardun inshorar mambobi da sanarwar rasuwa a jaridunsu.

Ƙa'ida a nan: kada ka yarda da ƙauye sai takardu biyu da ba su da alaƙa da juna sun ambace shi.

Mataki na uku: warware sunan ƙauyen

A nan gizo ke saƙar. Kusan kowane gari yana da suna biyu ko uku. Bratislava ita ce Pozsony ga Hungariyawa, Pressburg ga Jamusawa, sunanta na yanzu kuma daga 1919 ya fara aiki. Košice ita ce Kassa, Prešov ita ce Eperjes, Michalovce ita ce Nagymihály, Spišská Nová Ves ita ce Igló. Wasu sunayen ko kama ba sa yi. Bayan wata doka ta 1898, hukumar Hungariya ta bi ƙauyuka ta sa musu sababbin sunaye na yarenta, daidai lokacin da ƙaura ta fi ƙarfi, don haka sunan da ke jerin fasinjoji na 1910 yana iya zama wanda bai fi shekara goma sha yana aiki ba. Ga kuma maimaici: ƙauyuka masu suna Lehota, Nová Ves ko Poruba suna da yawa a gundumomi daban-daban. Dole ka san tsohuwar gundumar, da sunanta biyu: Šariš ita ce Sáros, Zemplín ita ce Zemplén, Spiš ita ce Szepes, Orava ita ce Árva, Tekov ita ce Bars.

Littattafai biyu ne suke warware wannan. Na farko aikin Milan Majtán, Názvy obcí Slovenskej republiky, wanda ya bi sunan kowane ƙauye daga 1773 zuwa 1997. Na biyu kundin garuruwan Hungariya na János Dvorzsák na 1877, wanda ake samu kyauta a intanet. Shafin Cisarik.com ma yana jera tsofaffin sunayen kowane ƙauye. Idan abin da ke hannunka sunan iyali ne kawai, kuma ba gama-gari ba ne, cibiyar nazarin harshe ta Ľudovít Štúr tana da rumbun sunayen iyalai na 1995 a shafinta na ƙamusu, wanda ke nuna garuruwan da sunan ya fi yawa. Alama ce kawai, ba hujja ba.

Wani lokaci za ka tarar ƙauyen ba ya cikin Slofakiya ta yau. Iyakar 1920 ta raba gundumomi irin su Zemplín, Abov, Gemer, Novohrad da Hont gida biyu. Hedikwatar tsohuwar Zemplín, wato Sátoraljaújhely, tana Hungariya yanzu. Wasu ƙauyukan arewacin Spiš da Orava suna Polan, yankin gabas mai nisa kuma ya koma Tarayyar Sobiyet a 1945, yau yana Yukiren. Akwai kuma 'yan Slofakiya da suka gangara kudu tun ƙarni na 18, zuwa Békéscsaba (yau a Hungariya), Báčsky Petrovec da Kovačica (a Sabiya) da Nadlak (a Romaniya), takardunsu na can ne.

Mataki na huɗu: wane coci ne ya rubuta shi

Rajistar hukuma ta haihuwa, aure da mutuwa ta fara ne a 1 ga Oktoba 1895. Kafin wannan rana malaman addini ne kaɗai suke rubutawa, kowace ɗariƙa da littafinta: Katolikan Roma, Katolikan Girka (ba Girkawa ba ne, mabiya tsarin ibadar gabas ne, da yawansu 'yan ƙabilar Rusyn), mabiya Luther, mabiya Calvin, da Yahudawa. Ƙaramin ƙauye sau da yawa ba shi da limami, sai a rubuta mutanensa a littafin maƙwabtan gari. A nan kundin Dvorzsák yake biyan kuɗinsa: gaban kowane ƙauye ya rubuta yawan mabiya kowace ɗariƙa da garin da suke zuwa coci. Alamominsa su ne rk. don Katolikan Roma, gk. don Katolikan Girka, ág. don mabiya Luther, ref. don mabiya Calvin, izr. don Yahudawa. In alamar tana da manyan baƙaƙe, ƙauyen yana da cocinsa, sunan da ya biyo baya kuma na kujerar bishop ne, kada ka je neman littafi can.

Abubuwa biyu suna ruɗa masu bincike. Kafin dokar sassauci ta Sarki Joseph na Biyu ta 1781, mabiya Luther da Calvin a wurare da yawa ba su da izinin riƙe nasu littafin, sai ka same su cikin na Katolika. Sannan dokar 1868 ta ce in miji da mata ɗariƙarsu ta bambanta, 'ya'ya maza su bi uba, mata su bi uwa. Ke nan yaran gida ɗaya suna iya rabuwa cikin littattafai biyu. In ka ga gida da maza zalla, duba ɗaya cocin kafin ka yanke hukunci.

Mataki na biyar: buɗe kundin ka karanta

A farkon shekarun 1950 hukuma ta karɓe tsofaffin littattafan coci ta kai su ma'ajiyoyin tarihi na gwamnati. Daga baya aka ɗauki hotunansu, yanzu suna shafin FamilySearch cikin tarin littattafan coci da majami'un Yahudawa na Slofakiya. Rajista kyauta ce. Akwatin neman suna yana da amfani, amma kada ka dogara da shi: ba duka aka shigar ba, mafi yawan abin da aka shigar baftisma ce, masu kwafewa kuma suna kuskuren karanta tsohon rubutu. Shiga ɓangaren duba hotuna, ka zaɓi ɗariƙa, sannan yanki, sannan garin cocin, ka bi shafi-shafi da idonka.

Yaren littafin yana sauyawa da siyasa. Na Katolika Latin ne har wajen 1840, sai yaren Hungariya na 'yan shekaru, bayan murƙushe juyin 1848 zuwa 1849 aka koma Latin, can gaba kuma yaren Hungariya ya dawo. Mabiya Luther sun yi amfani da Jamusanci ko tsohon yaren Cek na Littafi Mai Tsarki. Wasu littattafan Katolikan Girka da baƙaƙen Sirilik aka rubuta su. Ba sai ka iya waɗannan yaruka ba. Kalmomi talatin zuwa arba'in ne suke ta maimaituwa, kuma daga tsakiyar ƙarni na 19 shafukan suna da gurabe bugaggu.

Sunan mutum yana bin yaren littafin. Ján shi ne Joannes, shi ne János. Juraj shi ne Georgius ko György, Ondrej shi ne Andreas ko András, Štefan shi ne Stephanus ko István, Alžbeta ita ce Elisabetha ko Erzsébet. A rubutun Hungariya sunan iyali ke zuwa da farko. Baƙaƙen ma suna sauyawa bisa ƙa'ida: č ta zama cs, š ta zama s, s ta zama sz, ž ta zama zs, c ta zama cz. A ɗauka jikoki sun san kakansu da John Kovach. A jerin jirgi za a same shi Kovács János, a littafin baftisma Joannes Kovács, a takardar zamanin Cekoslofakiya kuma Ján Kováč. Ƙarin -ová da ake sa wa sunan mata a yau ba kasafai yake fitowa a tsofaffin littattafai ba, ka nemi macen da sunan mahaifinta tsirara.

Layin baftisma yakan ƙunshi ranar haihuwa da ta baftisma (tazararsu kwana ɗaya ko biyu ce galibi), sunan jariri, ko ɗan aure ne, wato legitimus, ko akasin haka, sunan uba, sunan uwa na gidansu, addini, matsayi, lambar gida, da waɗanda suka tsaya wa jaririn, wato patrini. Gurbin matsayi yana ba da labarin rayuwar gidan: colonus manomi ne mai riƙe da gona, inquilinus mai gida ne ba gona, subinquilinus ko gidan ma ba nasa ba ne, opilio makiyayin tumaki, molitor mai injin niƙa. Ƙaramin gicciye kusa da suna yana nufin mutumin ya rasu, sau da yawa da kwanan wata a gefe. Gurbin ƙarshe na ƙarin bayani kada ka tsallake shi, nan ake rubuta aure daga baya ko cewa uban yana Amurka. Watanni kuma suna da tarko: 7ber Satumba ce ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba.

Babban kuskuren da ke rusa bishiyar zuriya shi ne ɗaukar mai suna iri ɗaya. A ƙauye guda kana iya samun Joannes uku masu sunan iyali ɗaya da aka haifa cikin shekara biyar. Yara suna mutuwa da yawa, iyaye kuma sukan mayar da sunan mamaci ga jaririn da ya biyo baya. Don haka in ka sami baftismar da ta yi kama da ta kakanka, wuce littafin mutuwa ka tabbata yaron nan bai rasu yana ƙarami ba. Abubuwa uku ke bambance gidaje: lambar gida, sunan uwa na gidansu, da waɗanda suka tsaya wa jariri, don gida ɗaya yakan riƙe mutum biyun nan ga duk 'ya'yansa. Kula kuma da kalmar alias ko vulgo, wadda ke gabatar da laƙabin gida. Wani lokaci laƙabin ne yake zama sunan iyali a ƙarni na gaba.

Tsarin aikin shi ne komawa baya taki ɗaya-ɗaya. Ka sami baftismar kaka, ka kwashe duk 'yan'uwansa shekara ashirin gaba da baya, ka nemi auren iyayen shekara ɗaya ko biyu kafin ɗan fari. A cocin amarya ake ɗaura aure, in ba ka gan shi ba duba ƙauyukan kewaye. Yawancin aure a Janairu, Fabrairu da Nuwamba ake yi, don ba a biki lokacin azumin coci. Shekarun da aka rubuta wa mamaci ƙiyasi ne, suna iya kaucewa da biyar ko fiye. Shekarun annobar kwalara, 1831 da 1873, za ka ga shafukan mutuwa sun kumbura, sai auren zawarawa ya biyo baya cikin 'yan watanni. In uwar yara ta sauya suna a tsakiyar jeri, mata ta biyu ce. Kowane abu ka samu, rubuta garin cocin, shekarun littafin da lambar hoton. In littafi ya ƙone ko ya ɓace, tambayi kwafi na biyu: dokar 1827 ta wajabta a riƙa aika wa hukumar gunduma kwafi duk shekara. Littafin Jana Sarmányová na 1991, Cirkevné matriky na Slovensku, ya jera littattafan da suka tsira coci-coci.

Ƙidaya, gonaki da taswira

Ƙidayar 1869 ita ce mafi albarka. Ta rubuta kowa a gida da shekarar haihuwa, addini, sana'a, wurin haihuwa da ko ya iya karatu, har da yawan ɗakuna da dabbobi. Ba ta tsira a ko'ina ba, amma ta gundumomi kamar Šariš, Zemplín, Abov da Nitra tana FamilySearch, jere bisa lambar gida. Faɗuwa ta zo daidai da zama, don daga gabas ɗin nan mafi yawan masu ƙaura suka fito. Takardun ƙidayar 1930 da 1940 suna Babbar Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Bratislava, an ɗora hotunansu a shafin Slovakiana. Na 1930 a buɗe suke, na 1940 kuwa dokar kare bayanan mutane ta shekara 90 tana taƙaita su, kuma ba su ƙunshi kudancin da ke hannun Hungariya a lokacin ba.

In ka wuce inda littafin coci ya tsaya, saura takardun haraji da na gona. Ƙirgar masu biyan haraji ta 1715, 1720 da 1828 magidanta kawai ta rubuta. Kundin Urbár da Sarauniya Maria Theresa ta yi umarni da shi a 1767 yana shafin Hungaricana, ƙauye-ƙauye, da sunan kowane manomi da girman gonarsa da aikin da mai ƙasa ke binsa: mai cikakkiyar gona kwana 52 a shekara da dabbobin huɗa ko 104 da hannu, mai gida ba gona kwana 18. Sai 1848 aka soke wannan tsari. Shafin taswirori na Arcanum yana ɗora taswirar soja ta shekarun 1780 da na ƙarni na 19 a kan ta yau, ka ga inda coci, injin niƙa da hanyar kasuwa suke.

Yahudawa da sojoji

Dokar 1787 ce ta tilasta wa Yahudawa ɗaukar tsayayyen sunan iyali na Jamusanci, littattafansu kuma sun fi tsari daga wajen 1850. Rumbun JewishGen na Hungariya shi ne mafari. Daga Maris zuwa Oktoban 1942 an kwashe Yahudawa kusan dubu 58 daga Slofakiya zuwa sansanonin kisa. Rumbun sunaye na Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Urushalima, da gidan tarihin Sereď a Slofakiya su ne wuraren nemansu. Game da sojoji, jerin matattu da masu rauni na rundunar Ostiriya da Hungariya na Yaƙin Duniya na Ɗaya yana intanet, yana faɗin shekarar haihuwa da garin asali. Ma'ajiyar tarihin soja ta Prag tana da rumbun mayaƙan sa kai na Cekoslofakiya, ta Bratislava kuma tana riƙe da takardun aikin soja na mutanen Slofakiya.

Abin da ya biyo bayan 1895

Wannan ba ya intanet galibi. Littattafan hukuma suna ofishin rajista, matričný úrad, na garin da abin ya faru, littafin haihuwa kuma yana zama can shekara 100 daga rubutun ƙarshe kafin a miƙa shi ma'ajiya. Ofishin ba ya ba kowa bayani sai wanda ya nuna shi jinin mutumin ne, saboda haka ka tanadi takardun haihuwa da suka haɗa ka da shi ɗaya bayan ɗaya. Ma'ajiyoyin gwamnati suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, a Bratislava, Trnava, Nitra, Trenčín, Banská Bystrica, Prešov, Košice, da Bytča don yankin Žilina, sai ta Levoča don Spiš. Rabon littattafai a tsakaninsu bai bi taswirar yau sak ba, don haka rubuta ka tambaya kafin ka sayi tikiti. Wasiƙar ta zama gajeriya, da yaren Slofakiya: cikakken suna, ƙauye, addini, shekara, da abu ɗaya tak da kake so. Suna yin bincike da kuɗi, amma «ku nemo mini komai a kan danginmu» ba ya samun amsa mai amfani.

Gadon da ba ya cikin littafi

Sunaye da ranaku ba su isa ba, za ka so sanin yadda mutanen nan suka rayu. Birnin Martin shi ne cibiya: nan aka kafa ƙungiyar raya al'adu ta Matica slovenská a 1863, nan ɗakin karatu na ƙasa yake, da ƙungiyar masu nazarin zuriya da tambarin gidaje, da gidan tarihin ƙauyen Slofakiya inda aka tattaro gidajen katako na gaske. Amma al'adar ƙasar ta kwari-kwari ce, sutura da waƙa suna sauyawa daga wannan kwari zuwa wancan, don haka ka nufi gidan tarihin yankinku: Zuberec don Orava, Pribylina don Liptov, Stará Ľubovňa don Spiš, Bardejovské Kúpele don Šariš. Wanda kakansa ya fito daga wajen Žilina da Trenčín ya duba baje kolin sana'ar saƙa waya a fadar Budatín, don matalautan wannan yanki da ita suka zaga duniya suna ɗinke fasassun tukwane. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon duniya a 2019, kamar yadda ta sa fujara, doguwar sarewar makiyaya, a 2005, da cocin katako na yankin tsaunukan Carpathia a 2008. Tsohon hoton kakarka da kayan gargajiya yana iya zama shaida, masanan gidajen tarihin nan sukan gane yanki daga ɗinkin hannun riga da ɗaurin kai.

In za ka je ƙauyen, aika wa ofishin ƙauye, obecný úrad, saƙo tun da makonni. Kusan kowane ƙauye yana da kundin tarihinsa da ake rubutawa da hannu, da yawa kuma sun buga littafi a kan garinsu. Tafi da mai fassara da bishiyar zuriyar a buge a takarda, da tsohuwar lambar gida, ko da yake an sake lambobi a wurare da yawa. Kada ka sa rai da tsohon kabari: haya ake biya na wurin, in aka daina biya sai a sake amfani da shi, alamun katako kuma sun daɗe da ruɓewa. Shafin cintoriny.sk yana nuna kaburburan da ke nan a maƙabartu da yawa, ka duba shi kafin ka tashi.

Wasu suna wannan bincike ne don neman zama 'yan ƙasa. Daga Afrilun 2022 doka ta ba da dama ga wanda uba ko uwarsa, kakansa, ko ɗaya daga iyayen kakansa ɗan ƙasar Cekoslofakiya ne da aka haifa a yankin Slofakiya ta yau. Hoton shafin FamilySearch ba ya shiga wannan fayil. Ana buƙatar takardar da ma'ajiya ko ofishin rajista ya fitar da hatiminsa, da shaidar cewa kakan ya riƙe zama ɗan Cekoslofakiya, kamar tsohon fasfo ko takardar ƙidayar 1930, sannan takardun ƙasarku a tabbatar da su, a kuma fassara su ta hannun mai fassara da hukuma ta amince da shi. Tuntuɓi ofishin jakadancin Slofakiya mafi kusa da kai ka karɓi jerin abin da suke so kafin ka kashe kuɗi kan fassara.